Gwajin gangara ya ba mu 6.9 maimakon 9.8: ina sauran ya shiga?

Malamin Fiziks ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da ɗalibai. Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare, kuma ina neman a warware mini wata matsala da ta taso a darasin motsi. Na so ɗalibaina su auna ƙarfin janyowar ƙasa da hannunsu, wato adadin nan da littattafai suke rubutawa da harafin g, wanda aka sani yana kusa da 9.8. Tun da abin da aka saki daga sama yana faɗuwa da saurin da mai riƙe da agogo ba zai iya kamawa ba, sai muka koma ga gangara. Mun samo faffaɗan katako da aka goge shi ya yi sumul, tsawonsa mita 2, muka ɗaga gefe ɗaya da santimita 20, muka riƙa sakin ɗan boris na ƙarfe daga sama muna auna lokacin da yake ɗauka kafin ya kai ƙarshen katakon.

Lissafin da muka bi shi ne wanda ke cikin littafin karatu, wato ƙaruwar gudu a kan gangara ita ce g sin θ, inda θ take kusurwar da katakon ya yi da ƙasa. A wajenmu sin θ ya zama 0.1, saboda tudun santimita 20 ne a kan tsawon santimita 200, don haka ya kamata ƙwallon ya iso ƙasa cikin kimanin sakan 2.0. Abin da muka riƙa samu kuwa kimanin sakan 2.4 ne, kuma da muka juya lissafin don fitar da g, sai ya ba mu 6.9.

Ɗaliban sun rabu gida biyu, wasu suna cewa gogayya ce ta ci gudun, wasu kuma suna cewa hannun mai danna agogo ne yake nawa. Ni dai duka biyun ba su gamsar da ni ba, domin mun canza ɗan boris ɗin da wanda ya fi shi girma, mun gwada ƙwallon gilas, mun ƙara tudun katakon kaɗan, amma giɓin bai sauya ba, kullum kusan kashi 3 cikin 10 ne yake ɓacewa. Kuskuren hannu ba ya zuwa da tsari irin wannan. Ina roƙon masu ilimin abin su bayyana mini inda wannan kason yake tafiya, da kuma yadda zan fahimtar da yara 'yan aji biyu na babbar sakandare.

Injiniyar Injuna ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ma'auninku daidai yake, kuma ɗalibanka sun yi aiki mai kyau. Matsalar tana cikin ƙa'idar da kuka ɗauka, domin g sin θ ta abin da yake zamewa ne a kan gangarar da ba ta da gogayya ko kaɗan, alhali ɗan boris ɗinku mirginawa yake yi. Abin da ke mirginawa yana motsi iri biyu a lokaci guda: tsakiyarsa tana tafiya gaba, jikinsa kuma yana juyawa a kewayen tsakiyar. Kuzarin da ƙwallon ya samu daga saukowar santimita 20 ɗin nan shi kaɗai ne jarinsa, kuma dole ya raba shi tsakanin waɗannan motsi biyu.

Yadda rabon yake kasancewa ya danganta da yadda nauyin abin ya bazu daga tsakiyarsa. Nauyin da ke can bakin gefe yana zagaya babbar da'ira a kowane juyi, saboda haka yana buƙatar kuzari mai yawa kafin ya juya, wanda ke kusa da tsakiya kuwa kaɗan yake buƙata. Ga dunƙulallen ƙwallo wanda cikinsa cike yake, wannan nauyin juyawa shi ne 2/5 MR², inda M yake nauyin ƙwallon, R kuma rabin faɗinsa. Kuzarin tafiya gaba shi ne 1/2 Mv², inda v yake gudun ƙwallon, kuma muddin ƙwallon ba ya zamewa, kuzarin juyawa yakan zama 1/5 Mv². Idan aka haɗa su aka samu 7/10 Mv², za a ga cewa tafiya gaba ta ɗauki kashi 5 cikin 7, juyawa kuma ta ɗauki kashi 2 cikin 7. Ƙaruwar gudun ƙwallon ita ce 5/7 g sin θ, kuma 5/7 na 9.8 shi ne 7.0 cif. Wato abin da kuka samu ke nan. Ka ninka 6.9 ɗinku da 7/5, za ka ga ya kai kimanin 9.7, wanda sakamako ne da ba a jin kunyar nuna shi, musamman da yake g a yankunan da ke kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu kamar namu ya fi kusa da 9.78, a can ƙuryar arewa da ta kudu ne yake kaiwa 9.83.

Ka lura cewa M da R duk sun fice daga lissafin. Wannan ne ya sa babban boris da ƙarami da ƙwallon gilas suka ba ku amsa ɗaya. Siffar abin ce kawai take da tasiri, kuma a nan ne nake ganin darasin zai fi armashi ga yara, domin suna iya yin hasashe kafin a saki abin. A kan katakon naka, yadda ka ɗaga shi, dunƙulallen ƙwallo zai ɗauki kimanin sakan 2.39. Dunƙulalliyar silinda, wadda nauyin juyawarta 1/2 MR² ne, za ta ɗauki 2.47. Ƙwallo holoƙo mai siririn ɓawo yana da 2/3 MR², lokacinsa kuma 2.61. Guntun bututu mai siririn jiki shi ne na ƙarshe da 2.86, saboda duk nauyinsa yana gefe, rabin kuzarinsa a juyawa yake ƙarewa. Abin da ya zame ba tare da wata gogayya ba shi ne zai iso cikin sakan 2.02 da kuka yi tsammani tun farko.

Shawarata ita ce ka ajiye agogo a gefe na ɗan lokaci, ka jera abubuwa biyu a bayan rula, ka ɗage rular su taso tare. Ido yana ganin wanda ya riga ba tare da an dogara da saurin yatsa ba. Ka sa babban guntun bututun ƙarfe mai nauyi ya yi tsere da ɗan ƙaramin boris, domin yawancin yara za su zaɓi bututun, kuma idan boris ya riga shi za su nemi dalili da kansu.

Ɗalibin Aji Uku ya rubuta:

Ina gaida malamaina. Na bi bayanin Malama har ƙarshe, amma akwai wurin da ya tsaya mini. An koya mana cewa duk inda gogayya take, tana mayar da kuzari ya zama zafi, kamar yadda birki yake ɗaukar zafi. Idan babu gogayya a kan katakon, ƙwallon ba zai juya ba, zamewa kawai zai yi, ke nan akwai gogayya tana aiki a kansa. To ta yaya Malama ta raba kuzarin gida bakwai, biyar ga tafiya biyu ga juyawa, ba ta bar wa zafi komai ba? Ashe ke nan ɗaliban da suka ce gogayya ce ta ci gudun ba su yi kuskure ba? Ina neman ƙarin haske, Allah ya ƙara wa malamai lafiya.

Tsohon Malami ya amsa:

Ɗana, tambayarka ita ce zuciyar maganar, kuma na ji daɗi da ta fito daga bakin ɗalibi. Gogayya tana nan, kuma ita ce take rage wa ƙwallon gudu, a wannan ɓangaren abokanka sun faɗi gaskiya. Janyowar ƙasa tana jan ƙwallon ne daga tsakiyarsa, don haka ba ta iya murɗa shi. Gogayya kuwa tana kama shi daga ƙasa, a wurin da ya taɓa katako, tana turawa zuwa saman gangara, kuma wannan turin na gefe shi ne yake sa shi juyawa. Girmanta shi ne 2/7 Mg sin θ, wato daidai kason da ya ɓace wa Malam.

Amma zafi yana fitowa ne idan fuska biyu suna gurzar juna, ɗaya tana wucewa ta kan ɗaya. A mirginawa ta gaskiya, ɗigon jikin ƙwallon da yake taɓa katako a tsaye yake a daidai wannan lokacin, domin tsakiyar ƙwallon tana tafiya gaba da wani gudu, juyawa kuma tana kai ƙasan ƙwallon baya da gudu irinsa, sai su kashe juna. Ɗigon yana sauka a kan katakon, ya taɓa, ya ɗaga, wani ya maye gurbinsa, ba tare da ya ja jiki ba. Saboda haka abin da gogayyar ta cire daga tafiya gaba, shi ta zuba a cikin juyawa, bai fita daga jikin ƙwallon ba. Akwai 'yar asara da ke zuwa daga lotsawar da ƙwallo da katako suke yi a wurin haɗuwarsu, da kuma iska, amma ga ƙarfe a kan busasshen katako ƙanƙanuwa ce. Ƙwallon ƙafa da iskarsa ta ragu shi ne zai nuna ta sosai.

Hujjar cewa kuzarin yana nan ajiye ita ce ana iya dawo da shi. Ƙwallon da ya zo yana mirginawa ya hau gangara mai kama shi zai kai tudun da ya ninka sau 1.4 na wanda zai kai a kan gangara mai tsananin santsi, domin a ta farko juyawarsa ma tana tsayawa ta zama hawa, a ta biyu kuwa zai tsaya a can sama yana ta juyawa a banza.

Malam, gwajin da ka sa yaranka yana da tarihi mai daraja. Galileo, wanda ya koyar a Jami'ar Padua ta Italiya daga 1592 zuwa 1610, ya yi shi ne bisa dalili irin naka, wato don ya rage wa faɗuwa sauri har a iya auna ta. A littafinsa da aka buga a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1638, ya siffanta katako mai tsawon kamu 12 da aka sassaƙa wa siririn kwari aka shimfiɗa masa fata mai sumul, da ƙwallon tagulla, da agogon ruwa, inda ruwa yake tsiyaya ta siririn bututu daga babban mazubi, a tara shi a kofi a auna nauyinsa a sikeli. Ya gano cewa rubu'in tsawon katakon yana cin rabin lokacin, wato nisan tafiya yana bin lokaci ninki da kansa, kuma nisan da ƙwallo yake ci a lokuta masu tsawo ɗaya a jere yana tafiya 1, 3, 5, 7. Daga baya wasu masana tarihin kimiyya sun yi shakkar ko agogon ruwa zai iya wannan aiki, har sai da Thomas Settle ya maimaita gwajin da kayan aiki masu sauƙi ya wallafa sakamakonsa a 1961, ya nuna cewa yana yiwuwa. Abin lura shi ne kason juyawa bai ɓata wa Galileo aikinsa ba, domin shi kwatanta nisa da nisa yake yi, kuma 5/7 ɗin yana nan a kowane ɓangare sai ya fice. Cikakken lissafin juyawar daskararrun abubuwa ya zo ne bayan fiye da ƙarni guda, a aikin Leonhard Euler na 1765. Kai kuwa adadin g kansa kake nema, shi ya sa kason ya bayyana a gabanka.

Ina jan hankalinka a kan kwari. Idan ka gaji da ƙwallo yana karkacewa ka koma ga ƙarfen kusurwa irin na masu walda, lissafin zai sake. A cikin kwari mai kusurwar digiri 90, ƙwallon yana taɓa gefe biyu a wuraren da suka fi kusa da layin juyawarsa, saboda haka dole ya yi juyi da yawa kafin ya ci nisa ɗaya. Kason zai sauka daga 5/7 zuwa 5/9, g ɗinku ya koma kimanin 5.4, lokacin kuma ya kai sakan 2.7.

Malamin Fiziks ya sake rubutawa:

Malama Injiniya da Baba, Allah ya saka da alheri, bayanin ya zauna. Saura abu biyu. Na farko, duk lissafin nan ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa ƙwallon ba ya zamewa, to idan muka ci gaba da ɗaga katakon, a wane tudu ne sharaɗin zai karye, kuma me zai faru da gudun bayan nan? Na tabbata ɗalibai za su tambaya, domin idan katakon ya miƙe tsaye ƙwallon faɗuwa kawai zai yi da cikakken g, ke nan akwai inda 5/7 yake daina aiki. Na biyu, ina so in haɗa da tubalin ƙarfe mai zamewa a cikin tseren, kuma ina son sanin wanda ya kamata ya riga tsakaninsa da ƙwallon kafin in tsaya a gaban aji.

Injiniyar Injuna ta sake amsawa:

Malam, gogayyar da ke riƙe abu tana da iyaka. Tun 1699 Guillaume Amontons na Faransa ya bayyana cewa tana bin ƙarfin da ya danne fuskokin biyu ne, ba faɗin wurin da suka haɗu ba. A kan gangara wannan dannawa ita ce Mg cos θ, don haka mafi girman abin da gogayya za ta iya bayarwa shi ne μ Mg cos θ, inda μ yake ma'aunin yadda fuskokin biyu suke kama juna. Kamar yadda Baba ya faɗa, ƙwallon yana buƙatar 2/7 Mg sin θ kafin ya mirgina sosai. Yayin da kake ɗaga katakon buƙatar tana ƙaruwa, abin da ake iya bayarwa kuma yana raguwa, har su haɗu a inda tan θ ya kai μ sau 3.5. A gangararka ta yanzu μ na kimanin 0.03 ma ya wadatar, shi ya sa babu wata shakka cewa ɗan boris ɗinku mirginawa yake yi.

Kana iya auna μ da tubalin naka. Ka ɗora shi a kan katakon ka riƙa ɗagawa sannu a hankali har ya fara zamewa, tan na wannan kusurwar shi ne μ. Mu ƙaddara ka samu 0.2. Tubalin zai fara motsi a kimanin digiri 11, ƙwallon da aka yi da irin ƙarfensa kuwa zai ci gaba da mirginawa lafiya har digiri 35. Bayan nan zai riƙa juyawa yana kuma zamewa, juyin bai kai tafiyar ba, kuma a nan ne maganar ɗalibinmu take tabbata, domin an fara gurza, wani kaso na kuzarin yana zama zafi. Ƙaruwar gudun za ta koma g(sin θ − μ cos θ). A digiri 50, idan muka bar μ a 0.2, wannan yana ba da kimanin 6.2, alhali ƙa'idar 5/7 za ta ce 5.4, ta rashin gogayya kuma 7.5. Da kusurwa ta kusanci digiri 90, cos θ yana tafiya sifili, gogayya ta ɓace, a koma cikakken g kamar yadda ka hango. A aikace gogayyar zamewa takan ɗan gaza ta riƙewa, saboda haka kada ka yi mamaki idan lambobin sun ɗan goce a kusa da iyakar.

Daga nan amsar tambayarka ta biyu take fitowa, kuma tana saɓa wa abin da mutane da dama suke ɗauka daga jin cewa zamewa ta fi mirginawa sauri. Ƙasa da digiri 11 tubalin ba zai motsa ba sam. Tsakanin 11 da 35 ƙwallon ne zai riga, domin yana karɓar gogayyar da yake buƙata ne kawai, tubalin kuwa yana shan cikakkiyarta. A digiri 20, misali, ƙaruwar gudun ƙwallon kimanin 2.4 ce, ta tubalin kuma 1.5. Sama da digiri 35 kuma gogayya iri ɗaya ce take aiki a kansu, ƙa'idarsu ta zama ɗaya, sai su iso tare. Ke nan tubalin da aka yi da abu ɗaya da ƙwallon ba zai taɓa riga shi ba. Idan kana son yara su ga zamewa ta yi nasara, sai ka kawo abin da ya fi ƙwallon santsi nesa ba kusa ba, kamar dunƙulen ƙanƙara da ya fara narkewa a kan farantin gilas ko goran ƙarfe mai sumul.

Don gane lokacin da zamewa ta fara, ka zana layi a jikin ƙwallon ka ɗauki bidiyo da waya a yanayin da ke rage saurin hoto. Ƙwallo mai faɗin santimita 4 yana da kewayen kusan santimita 12.6, don haka zai yi juyi kusan 16 a kan mita 2 idan mirginawa yake yi tsantsa. Duk abin da ya gaza haka, zamewa ce ta cike gurbinsa.

Idan lokacin darasi ya rage, ka nemi gwangwani uku masu girma ɗaya. Wanda aka cika da ruwa aka toshe shi zai riga sauran, domin ruwan ba ya bin gwangwanin wajen juyawa sai ɗan abin da ke manne da bango, saboda haka yawancin nauyin saukowa yake yi kamar mai zamewa. Na tumatir mai kauri zai biyo baya, tun da abin cikinsa yana juyawa tare da shi kamar dunƙulalliyar silinda. Wanda babu komai a cikinsa shi ne zai zo ƙarshe, saboda kusan duk nauyinsa a gefe yake. Idan ka sa na ruwan a firiza ya daskare ka sake sakinsa, zai rasa fifikon da yake da shi ya dawo kusa da na tumatir, duk da cewa nauyinsa bai canza ba.